Martani Ga Barista: Gwajin Launin Gashi Ba Bugun Ƙasa Ba Ne

Yaya Barista, na karanta rubutunka sau biyu, na ajiye shi har kwana uku kafin na ɗauki alƙalami, don kada zafin rai ya ja ni. Ka girme ni, kuma shekarun da ka shafe gaban alƙalai kana kare mutanen da ba su ji ba ba su gani ba sun isa su sa a yi shiru in kana magana. Ni iyakata aji da ɗakin gwaje-gwaje. Amma ka kira gwajin gano launin gashi daga DNA "bugun ƙasar Turawa", ka ce tarko ne da aka ɗana wa baƙi da marasa galihu, ka ce mu masu koyar da shi muna shafa wa zalunci zuma. Maganar ta yi nauyi, ba zan iya haɗiye ta ba. Akwai wuraren da ka yi gaskiya, kuma zan faɗe su. Akwai kuma inda ka bar jaki kana dukan taiki.

Bari mu fara sanin abin da muke jayayya a kansa, don na lura ka haɗa abubuwa uku a tukunya ɗaya. Gwajin DNA da ka saba gani a kotu, wanda ya samo asali daga aikin Alec Jeffreys a Jami'ar Leicester a 1984, gwadawa yake yi. Ga jinin da aka samu a wurin da aka yi aika-aika, ga jinin wanda ake tuhuma, sun zo ɗaya ko sun saɓa? In babu wanda ake tuhuma, rumbun bayanan 'yan sanda ma bai fitar da kowa ba, shi ke nan, bincike ya cije. A wannan gaɓar ce ake ɗauko gwajin da muke magana a kansa. Ana tambayar ɗigon jinin ne, ko miyau, ko guntun ƙashi: mai kai, wane irin gashi aka haife shi da shi? Ba a ma bukatar silin gashi ko ɗaya.

Launin gashi daga sinadarin melanin yake, kuma iri biyu ne: mai duhu da mai ja-ja. Yawan kowanne da yadda suka cakuɗu shi ke sa gashi ya zama baƙi, ko ruwan ƙasa, ko ja, ko ruwan zinare. Akwai wata ƙwayar gado mai suna MC1R da ke juya akalar jiki zuwa ga mai duhun. In ta yi rauni, sai jan ya rinjaya. Jonathan Rees da abokan aikinsa a Newcastle ne suka nuna alaƙarta da jan gashi a 1995. A 2011 Wojciech Branicki na birnin Krakow a Polan da Manfred Kayser na Rotterdam a Holan suka nuna ana iya ƙiyasta sauran launukan ma. A 2013 Susan Walsh da Kayser da abokan aikinsu suka fitar da gwajin da ake kira HIrisPlex, mai duba alamomin gado 24 lokaci guda don faɗin launin ido da na gashi. Daga cikin alamomin, 11 a jikin MC1R kaɗai suke. DNA ɗin da yake bukata bai fi abin da ke cikin ƙwayoyin jiki kamar 10 ba.

Da za ka tsaya a bayan mai aikin ka leƙa allon kwamfutarsa, ba za ka ga suna ba, ba za ka ga fuska ba. Lambobi huɗu za ka gani a jere, kowanne a gaban launinsa: baƙi kaza, ruwan ƙasa kaza, ja kaza, ruwan zinare kaza, in aka tara su duka su ba da 100. Ka san mai bin sawu a ƙauye in an kore shanu da dare. Zai durƙusa ya dubi ƙasa ya ce mutum biyu ne, ɗaya dogo ne, ɗaya yana ɗingishi, sun nufi gabas. Bai ce wane ɗan wane ba ne. Ya dai hana masu bin shanun ɓata yini a yamma.

Zarginka na farko shi ne shaci-faɗi ne aka sa wa farar rigar likita. Yaya, ka taɓa ganin mai duba ya manna takarda a ƙofar zaurensa yana cewa cikin mutum goma da suka zo wurina na yi wa uku ƙarya? Waɗannan masanan abin da suka yi ke nan. Sun gina gwajin a kan mutum fiye da 1,500 daga Polan da Ayalan da Girka, suka buga sakamakon kowa ya gani: a kan baƙin gashi yana dacewa kashi 87.5 cikin 100, a kan ja kashi 80, a kan ruwan ƙasa kashi 78.5, a kan ruwan zinare kuwa kashi 69.5 kacal. Wato a wannan na ƙarshen, kusan sau uku cikin goma yana kuskure, kuma su da bakinsu suka faɗa. Sun ma faɗi dalili. Yaran Turawa da yawa ana haifarsu da gashi ruwan zinare, suna girma yana duhu har ya koma ruwan ƙasa, alamomin 24 kuwa ba sa ganin wannan canji.

Misali mafi kyau shi ne na Sarki Richard na Uku na Ingila, wanda aka kashe a yaƙi a 1485, aka tono ƙasusuwansa a 2012 a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a Leicester. Turi King da abokan aikinta sun yi masa wannan gwaji, ya ba da kashi 96 na shuɗin ido da kashi 77 na gashi ruwan zinare. Yawancin zane-zanen da aka yi masa bayan mutuwarsa kuwa gashi mai duhu suke nunawa. Masanan ba su ɓoye saɓanin ba, suka bayyana cewa gwajin na iya kama launin yarinta ne. A wani gefen kuma, da aka gwada ragowar gawar Janar Sikorski na Polan, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1943, sakamakon ya dace da abin da aka rubuta game da kamanninsa: shuɗin ido da gashi mai haske.

Na yarda da kai cewa ilimin bai cika ba. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan mutum kusan 300,000 'yan asalin Turai ya gano wurare 124 a cikin DNA da ke da hannu a launin gashi. Alamomi 24 ɗiba ce kawai daga cikin buhu. Sai dai ka tuna da abin da kotu take dogara da shi in babu wannan: shaidar wanda ya ce ya gani da idonsa, cikin duhu, cikin firgici. A Amurka, daga cikin mutanen da gwajin DNA ya wanke bayan an riga an ɗaure su, kusan kashi 70 cikin 100 kuskuren shaidar gani da ido yana cikin abin da ya kai su gidan yari. Kai ka fi ni sanin wannan, ka sha yi wa irin waɗannan shaidu tambayoyi har su rikice. Mai shaida yakan rantse cewa ya tabbata. Gwajin nan bai taɓa cewa ya tabbata ba.

Sai batun rini, wanda ka yi wa dogon bayani. Ina da kawu da ya yi shekara da shekaru yana sa wa gemunsa lalle. In ya zauna a sahun gaba ranar Juma'a, daga nesa za ka hango gemun ja wur, sai a gindin gashin ne farin furfura ke leƙowa in an kwana biyu bai sabunta ba. Jininsa zai ce baƙi, idon mai kallo zai ce ja, gaskiyar ranar kuma fari ce. Haka ne, kuma babu wani masani da ya musa. Gwajin ba ya ganin lalle, ba ya ganin furfura, ba ya ganin sanƙo ko aski. Kai da kanka ka kawo labarin Freiburg ta Jamus a 2016, inda aka kashe wata ɗalibar jami'a, kuma abin da ya tona asirin mai laifin shi ne silin gashi mai tsawo, baƙi da aka rina wani ɓangarensa ya yi haske, aka bi hotunan kyamarar jirgin cikin gari har aka hango mai irin wannan kai. Gaskiya ne rinin ne ya kama shi, kuma gaskiya ne 'yan siyasa sun hau kan wannan kisa wajen neman a faɗaɗa dokar gwaji alhali ba gwajin ne ya warware shi ba. Amma abin da labarin ya nuna shi ne aikin ɗan sanda mai haƙuri bai da madadi. Bai nuna a zubar da ɗayan ba. Kuma ka manta da inda rini ba ya shiga: ƙwarangwal da aka tsinta a daji bayan shekaru, ba fata ba gashi, ga jerin sunayen mutanen da suka ɓata, ana neman wace uwa za a fara kira.

Inda na fi jin zafin rubutunka shi ne inda ka ce "shaidar gashi" ta riga ta ɗaure bayin Allah a Amurka, don haka wannan ma hanyar zai bi. A nan ka haɗa kifi da kaska. Abin da hukumar FBI ta amsa laifinsa a 2015 wani abu ne daban: ma'aikaci ya ɗora silin gashi biyu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya dube su da ido, ya je kotu ya ce na mutum ɗaya ne. Da aka sake duba shari'o'i 268 da aka yi amfani da irin wannan shaida a kan waɗanda ake tuhuma, an sami kuskure a bayanin ma'aikatan a 257. Abin kunya ne, abin kuka ne. To me ya tona shi? Gwajin DNA. Tun farkon fari ma haka abin yake. Karo na farko da aka yi amfani da aikin Jeffreys a binciken kisa, a 1986, abin da ya fara yi shi ne wanke wani saurayi da ya riga ya amsa laifin da bai aikata ba.

Shi kuwa gwajin launin gashi, wurinsa ofishin mai bincike ne. Gaban alƙali bai ma kai matsayin ƙarina mai ƙarfi ba, balle hujja. In an kamo mutum, sai a yi masa gwajin gwadawa na asali, ko dai ya dace ko a sallame shi. Duk lauyan gwamnatin da ya miƙe ya ce a ɗaure wane saboda gashinsa ja ne kuma gwaji ya ce ja, ka kira ni, ni zan zo in ba da shaida a ɓangarenka. Kama da wane ba ta wane.

Yanzu ga babban zargin, wanda saboda shi na daɗe ban amsa ba: cewa gwajin yana sa a yi wa al'umma guda kuɗin goro. Ba zan raina wannan ba, domin akwai gaskiya mai ɗaci a cikinsa. A ƙasa irin Jamus, in sakamako ya ce gashi ruwan ƙasa, ya nuna miliyoyin mutane, ɗan sanda ba shi da abin yi da shi, sai ya sa a aljihu. In kuwa ya ce baƙin gashi da baƙar fata, to ya nuna 'yan tsirarun unguwanni, kuma gobe da safe ƙofofinsu za a buga. Nauyin ba ya faɗuwa daidai a kan kowa. Malamai irin su Veronika Lipphardt ta Jami'ar Freiburg sun daɗe suna jan kunne a kan wannan, kuma ban ga laifinsu ba.

Labarin Heilbronn da ka kawo ya fi yadda ka faɗe shi muni. A 2007 aka harbe wata 'yar sanda a garin. DNA ɗin wata mace da ba a sani ba ya bayyana a wurin, kuma an riga an gan shi, an kuma ci gaba da ganinsa, a wurare kusan 40 a Jamus da Austiriya da Faransa, daga kisa har fasa rumfa. Aka ce alamu sun karkata zuwa gabashin Turai, sai zargi ya sauka a kan ƙabilun Sinti da Roma, waɗanda dama an saba ɗora musu kowace sata. Aka bi su, aka tuhume su, jaridu suka yi ta yayatawa. A 2009 aka gano babu wata mace mai kisa. DNA ɗin na wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ake shirya tsinken audugar da 'yan sanda ke shafo samfuri da shi. Ka yi tunanin abin: ɗan tsinke mai kan auduga, sabo fil a cikin ledarsa, ashe tun daga masana'anta ya zo da shaidar zur. A 2011 kuma aka gano waɗanda suka kashe 'yar sandar 'yan wata ƙungiyar masu aƙidar Nazi ne, wato maƙiyan waɗanda aka yi ta tsangwama. Amma dubi inda ɓarnar ta fito: kayan aiki gurɓatattu, da zukatan da suka riga suka yanke hukunci. Launin gashi bai shigo cikin maganar ba. Bayan wannan abin kunya ne aka kafa ƙa'idar duniya a 2016 a kan tsabtar kayan ɗaukar samfuri.

Haka na Edmonton ta Kanada a Oktoban 2022, inda 'yan sanda suka saki hoton fuskar wani baƙar fata da kamfanin Parabon na Amurka ya zana musu da kwamfuta daga DNA, jama'a suka yi ca, cikin kwana biyu suka janye suka nemi gafara. Wannan ni ma na la'ance shi. Ilimin da ake da shi yau bai kai ga zana fuskar mutum daga jininsa ba, kuma sakin irin wannan hoto tamkar nuna yatsa ne ga duk saurayi baƙi a garin. Lambobi huɗu a cikin fayil ɗin mai bincike daban, fuska a shafin jarida daban.

To amma, Yaya, ka tsallake Kollum, kuma ban san dalili ba. A 1999 aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 16 fyaɗe aka kashe ta a kusa da wannan ƙaramin gari na arewacin Holan. A kusa akwai sansanin masu neman mafaka, mutanen Iraƙi da Afganistan da makamantansu. Ba a jira bincike ba, gari ya yanke cewa su ne. Wai irin wannan yanka ba na ɗan ƙasa ba ne. Taron da aka kira a kan sansanin ya rikiɗe ya zama tarzoma. Ana cikin haka Peter de Knijff na Jami'ar Leiden ya duba DNA ɗin mai laifin, ya ce alamu sun fi karkata ga ɗan arewa maso yammacin Turai. A lokacin doka ba ta ma ba da damar yin irin wannan gwaji ba, wannan shari'a tana cikin abin da ya sa Holan ta yi dokarta a 2003. A 2012 aka nemi maza kusan 8,000 na yankin su ba da samfuri, sai ga shi wani manomi ne ɗan yankin, gonarsa ba ta da nisa da wurin. An yanke masa shekara 18. Na sani gwajin asali da na dangantaka ne suka yi wannan aiki, launin gashi bai shiga ba, amma 'yan gida ɗaya ne, kuma su ma ka haɗa su a zarginka. Shekara 13 waɗannan baƙi suna ɗauke da laifin wani. In ka cire gwaji daga hannun mai bincike, wurin ba ya zama fanko. Jita-jita ce ke cike shi, ita kuwa kullum baƙo take nunawa.

Saboda haka abin da ya kamata mu haɗa baki mu nema shi ne shinge: kada a yi sai a manyan laifuka kuma da izinin alƙali, kada a miƙa wa ɗan sanda launi tsura ba tare da lambar kuskurensa ba, kada a kai sakamako gidan jarida. Jamus da ta gyara dokarta a Disambar 2019 ta amince da launin ido da gashi da fata da ƙiyasin shekaru, amma ta ƙi sa gwajin asalin yanki a ciki. Ana iya jayayya a kan inda suka ja layin, amma dai sun ja.

Batun tona sirrin jiki ba zan daɗe a kansa ba. Launin gashi abu ne da duk wanda ya wuce ka a hanya yake gani. Inda damuwarka take da tushe shi ne wasu daga cikin alamomin MC1R suna da alaƙa da haɗarin kamuwa da sankarar fata. Maganinsa a rubuta a doka cewa ɗakin gwaji launi kaɗai zai faɗa, sauran bayanin bai fita.

Ka rufe rubutunka da cewa mu gashinmu baƙi ne kaf, me ya haɗa mu da wannan? A nan kusan bakinmu ɗaya. In aka yi gwajin a Kano ko Damagaram, baƙi zai ce, gobe ma baƙi, bai rage ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ake nema ba. Jan gashin da muke gani a kan yaranmu sau da yawa na tamowa ne, wannan kuwa abinci yake nema, DNA ba ta san da shi ba. Da za a ba ni kuɗin binciken laifuka in kashe, tsinken auduga mai tsabta zan fara saya, da firjin da wutarsa ba ta ɗaukewa, da horar da ɗan sandan da zai hana jama'a tattake wurin da aka yi kisa, sannan ɗakunan gwajin gwadawa irin wanda Jihar Legas ta buɗe a 2017. Launin gashi can ƙarshen layi yake.

Amma ban yarda in daina koyar da shi ba. 'Ya'yanmu suna Hamburg da Amsterdam da Edmonton, kuma ƙofofinsu ne ake bugawa in an karanta sakamako ba daidai ba. Lauyan da zai kare su dole ya san bambancin kashi 87.5 da tabbas. Sannan gwajin an gina shi ne a kan jinin Turawa, kuma ya makance ga abin da bai taɓa gani ba. A tsibiran Solomon da ke tekun Fasifik akwai mutane baƙaƙe wuluk da yaransu ke da gashi ruwan zinare, kimanin kashi 5 zuwa 10 na jama'ar. An daɗe ana cewa gadon Turawan jirgin ruwa ne. A 2012 Eimear Kenny da abokan aikinta suka nuna wani canji ne a ƙwayar gado mai suna TYRP1, nasu ne na kansu, ba a samunsa a Turai. Wannan canji ba ya cikin alamomi 24 ɗin nan. Afirka kuwa ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, kuma ita ce aka fi ƙarancin bincika. Ɗaliban da ke zaune a gabana su nake fata su yi wannan aiki, kuma ba za su fara ba in an gaya musu tun daga ƙofa cewa bugun ƙasa ne.